Hannun Ummi da takardar da na ɓoye

Tun kafin 'yata Ummi ta faɗi, ni da wutar lantarki ba ma ga maciji. Duk wanda ya taɓa shiga flat ɗinmu, gidan da muke haya a Fallowfield ta Manchester, ya ga salatif ɗin da na manna a kan kowane soket na ƙasa. Butar shayi ma ba na jona ta sai na sa silifas na roba, na goge hannuna sau biyu. Abban Ummi yakan yi dariya, ya ce wutar Ingila mai tarbiyya ce, ba ta kama mutum haka kawai. Ni dai ba na tanka masa.

Ni 'yar Wudil ce, babana masunci. Ina da shekara goma sha ɗaya, da damina, wayar wuta ta tsinke ta faɗo cikin ruwan da ya kwanta a ƙofar gidanmu. Yayana Sagir ya fita da safe zai kai wa Baba komar kamun kifi bakin kogi, ya taka ruwan. Ina tsaye a zaure. Kowa ya san a nan ya rasu, amma abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba shi ne yadda hannuwansa suka riƙa fizga su kaɗai, alhali idonsa ya riga ya tafi. Allah ya jiƙansa. Tun ranar na sa a raina cewa duk jikin da wuta ta motsa, mai shi ya gama.

Karatuna bai wuce aji shida na firamare ba, sai islamiyya. Turancina na kanti ne da na bas. Na rubuta wannan da Hausar da na iya saboda matan da ke biyo mazajensu ƙasar nan kamar yadda na biyo nawa, kada wata ta yi abin da na yi.

Ummi ce 'yarmu ta fari, sunan mahaifiyar Abbanta ta ci. Tana da shekara biyar ta faɗo daga ƙarfen da yara ke lilo a filin wasan unguwarmu, wata Asabar bayan an tashi islamiyya. A kan hannun dama ta faɗi. Hoto ya nuna ƙashin ya karye dab da gwiwar hannu. Washegari aka yi mata tiyata, aka soka wasu siraran ƙarafa suka riƙe ƙashin, aka ɗaure da siminti. A nan ba ni da abin cewa sai godiya. Wata nas ta ga ban ci komai ba tun jiya, ta kawo min shayi da burodi ba tare da na tambaya ba.

Bayan mako huɗu aka cire simintin. Ƙashi ya haɗu, likita ya nuna mana a hoto, Abbanta yana ta hamdala. Ni kuma idona na kan hannun. Wuyan hannun ya langwaɓe kamar alayyahun da ya kwana. In ta miƙa shi sai tafin ya rataya ƙasa, yatsun ba sa ɗagawa. Tana iya damƙe abu, amma ba ta iya buɗe hannun ta sake shi sai ta sa hagu. Likitan ya ce jijiya ce ta bugu, yawanci tana dawowa da kanta, a ba ta lokaci. Suka ba mu wani abin roba mai maɗauri da ke tallafe wuyan hannun.

Muka ba ta lokaci. Mako biyu, mako huɗu, mako shida. Kullum da safe in na cire robar zan wanke ta sai in ce, Ummi ɗaga min, sai ta ɗaga kafaɗa gaba ɗaya tana kallona ko na yarda. Ta koma ci da hagu, rubutu da hagu. Ranar wani suna a Salford wata dattijuwa da ba ta san zancen ba ta ɗan bugi hannunta, ta ce 'yar Musulmi da dama take ci. Ummi ta ajiye cokalin. Har muka hau tram, jirgin ƙasan cikin gari, ba ta sake sa komai a bakinta ba.

Da muka koma asibiti a wata na uku, Abbanta yana jami'a, ba zai iya barin aikin da ya ɗora ba, ni kaɗai na je. Suka kira tafinta a waya. Likitan ya yi magana kamar minti biyu, tafintan ya ce min za a aiko da takarda, za a kai yarinyar wani sashe a sa mata wutar lantarki a hannun, a ga ko jijiyar tana aiki. Na ce wuta? Ya ce e, kaɗan ce. Likitan yana kallon agogo, akwai mutane a layi, aka kashe wayar. Ba wanda ya tambaye ni ko ina tsoro, ni ma ban faɗa ba. Da na dawo gida na ce wa Abbanta sun ce a ci gaba da jira.

Bayan kwana goma takardar ta zo. Ba na iya karanta ta duka, amma na san ambulan ɗin asibiti, kuma na ga sunan Ummi da rana da lokaci. Na ɗaga atamfofin da ke ƙasan akwatina na sa ta, na mayar. Saƙon tuni ya shigo wayata, na goge. Ranar ta zo ta wuce, na yini ina goge kicin ɗin da ba shi da datti. Abban Ummi kuwa in 'yan gida suka tambaye shi a waya sai ya ce ai ka san layin ƙasar nan, sai haƙuri. Ina jinsa.

Da aka yi hutun mako guda na makaranta, Yaya Binta ta ce in kawo mata Ummi Birmingham mu huta. Yayar Abban Ummi ce, uwa ɗaya uba ɗaya, mijinta yana bincike a jami'ar can, suna zaune a Selly Oak. Mace ce mai kirki, ita ta zo ta yi min wankan jego a banɗakin flat da bokiti da ganyen da ta sa aka kawo mata daga gida. Da ta ga hannun ta riƙe haɓa. Ta ce wannan ai sanyi ne ya kama jijiya, wata huɗu hannu a ɗaure a garin da rana ba ta fitowa. Ta ce a gida da tuni an gasa shi ya miƙe, kuma ita da idonta ta ga ƙafar da likitoci suka haƙura da ita, gashi da man kaɗe suka tayar. Wallahi daɗi na ji. Na ce ga hanyar da ba wuta a cikinta.

Muka fara gashi safe da yamma. A tafasa ruwa, a sirka, a tsoma tawul a matse, a danna, a bi da man kaɗe. In na ɗora a damtse sai Ummi ta janye ta ce da zafi. In na ɗora a bayan hannun, wajen gindin babban yatsa, ko gezau, tana kallon katun ɗinta. Yaya Binta ta ce kin gani, nan ne sanyin ya taru, shi ya sa yake shan zafin. Ni kuma na ce a raina yarinyar nan akwai haƙuri.

A rana ta uku da hantsi Yaya Binta ta tafi Bristol Road sayen nama, ni na yi gashin. Ban sirka ruwan sosai ba. Ina so a gama, ina so in koma Manchester da hannun da ya warke, takardar nan ta zama ba a buƙatarta. Da cokali biyu na matse tawul ɗin don yatsuna ba su iya riƙe shi ba. Wannan kaɗai ya isa ya hana ni, amma bai hana ni ba. Na ninke shi na ɗora a bayan hannunta na danna, na ƙirga hamsin. Na tambaye ta da zafi? Ta girgiza kai ba ta ma juyo ba.

Da na ɗaga, fatar ta yi fari, ta yamutse, gefenta ja. Kafin in gama salati ta fara ɗurar ruwa. Ummi ta dubi hannun, ta dube ni, sai da ta ga fuskata sannan ta fara kuka.

A asibitin yara na can aka zaunar da ni aka yi min tambayoyi, aka tambayi Ummi ita kaɗai, daga baya ma wata mata ta zo har gida ta duba yadda muke zaune. Ban ga laifinsu ba. Da ni ce su da na tambaya.

Nas ɗin da ta zo wanke ƙunar baƙa ce, babba, da ɗan gicciye a wuyanta. Ta ji ina lallashin Ummi sai ta ce, ikon Allah, yau na yi baƙi daga gida. Sunanta Rifkatu, mutuniyar kudancin Kaduna, ta fi shekara ashirin a ƙasar. Tana aiki tana tsokanar Ummi, wai Bakanuwa ce amma Turancinta na 'yan Manchester, ko sannu ba ta iya ja ba. Da ta gama naɗe hannun ta sa Ummi ta rufe ido, ta shafa mata auduga a damtse, Ummi ta ce ta ji. Ta shafa kusa da bandejin, shiru.

Ta ce, “Ƙanwata, ba haƙuri ta yi ba. Ba ta ji ba ne. Jijiyar da ke ɗaga hannun ita ce ke kai labarin zafi daga nan wurin. An yi mata gwajin jijiya?”

Ban san lokacin da na faɗa mata komai ba. Takardar, akwatin, saƙon da na goge, da Sagir. Ita ce mutum ta farko da na faɗa wa yadda hannuwansa suka yi. Ba ta yi min faɗa ba, ba ta kuma ce ba komai ba. Ta ce in jira ta, lokacin hutunta ya kusa.

A wani benci a baranda ta zauna da abincinta a cinya. Ta tambaye ni sana'ar babana, na ce su. Ta ajiye cokali ta ce, 'yar masunta, kuma ba ki san minjirya ba? Na ce na sani mana. Kifin nan ne mai santsi mai ɗigo-ɗigo, in ya shigo koma ka taɓa shi sai ya fizge ka har kafaɗa. Muna yara har gasa muke yi wa zai daɗe da yatsa a kansa, Sagir ne ma kullum ke ci. Ta ce to wannan fizgar me ce? Ta amsa da kanta. Ta ce wuta ce, irin ta waya, sai dai 'yar kaɗan, kuma ba kamfanin wuta ne ya ja wa kifin layi ba, wanda ya halicce shi ne ya sa masa. Ta ce mutanen da can, kafin a san waya, har ɗora irin kifin nan suke yi a kan mai ciwon kai.

Sai ta ba ni wani labari da ta ce an koya musu a makarantar nas. Fiye da shekara ɗari biyu da suka wuce, wani likita a ƙasar Italiya ya rataye ƙafafun kwaɗin da aka feɗe da ƙugiyar tagulla a jikin dogon ƙarfe. Duk lokacin da naman ya taɓa ƙarfen sai ƙafar ta harba, alhali kwaɗon ya mutu. Shi ya ce wutar a jikin kwaɗon take. Wani masani ya ce a'a, daga haɗuwar ƙarafan biyu take. Suka yi ta musu shekara da shekaru, daga musun nan aka samo batirin da ke cikin tocila. Daga baya aka gano kowa da gaskiyarsa: ƙarafan suna ba da wuta, jiki ma yana da tasa. Ta ce ko yanzu da nake kallonta, 'yar wuta ce ke bin jijiyata tana gaya wa idona ya ƙifta.

Na ce mata na taɓa ganin irinsa. Da layya in an feɗe rago, cinya tana cikin tire amma naman yana ɓal-ɓal shi kaɗai, in an barbaɗa gishiri ma ya ƙara. Innata takan ce rai ne bai gama fita ba. Anti Rifkatu ta ce kin ga, ke ma da kin yi karatu da kin dame mu. Daga nan ta daina dariya.

Ta ce, “Wutar da ta kashe yayanki kogi ce da ya yi ambaliya. Wadda za su sa wa 'yarki cokali ɗaya ce, sallama kawai za ta yi a bakin jijiyar a ji ko akwai mai amsawa. Amma ki ji da kyau. Naman da ke jiran jijiya ba ya jira har abada.”

Washegari da azahar Abban Ummi ya iso a jirgin ƙasa. A kicin ɗin Yaya Binta na faɗa masa, ita ta ja yara suka fita. Ya daɗe yana kallon tukunyar da ke kan wuta. Na fi son ya yi faɗa. Daga ƙarshe ya ce, Maman Ummi, mako bakwai, kina jina ina cewa layi ne. Na ce e. Ya ce da na faɗa masa ina tsoro. Ni kuma abin da ban shirya faɗa ba ya fito, na ce duk shekarun nan yana dariyar salatif ɗina, bai taɓa tambayata dalili ba. Ya san Sagir ya rasu, bai san ina tsaye ba. Ya fita, na hango shi ta taga yana waya da GP, likitanmu na unguwa, yana kai da komowa a cikin yayyafi babu hula.

Ƙunar ta ɗauki mako uku kafin ta rufe. Sabuwar ranar gwaji kuwa sai da muka jira mako biyar, don wanda bai zo ba bayan layi yake komawa. A nan ina da ƙorafi, ko da yake ni na jawo. Yarinya ce, ba ita ta ɓoye takarda ba. Kullum Abbanta yana kira ko wani ya fasa, kullum a ce babu. Waɗannan makonnin sun fi min na farko tsawo, don yanzu na san abin da ake jira.

Ranar gwajin mu uku muka je. Ɗaki ne ƙarami, da gado, da na'ura mai allo, da wayoyi ja da baƙi. Likitan dattijo ne mai sanyin magana. Na sa Abbanta ya roƙe shi a fara gwadawa a kaina. Ya dube ni ta saman tabarau, ya ce iyaye da yawa suna tambaya, in zauna. Ya manna min wasu 'yan faifai a hannu, ya ɗora wani abu mai baki biyu a wuyan hannuna, ya ce in shirya. Na yi kalmar shahada. Sai na ji tsit, kamar an harbe ni da robar ɗaure kuɗi, babban yatsana ya zabura shi kaɗai. Ya sake, ya sake zabura. Bai ma kai minjirya ba. Na zauna ina kallon yatsana yana motsin da ban sa shi ba, kuma ina raye. Kuka ya zo min, ba na zafi ba. Abbanta ya ce wa likitan ba komai, wani ta tuna.

Aka fara wa Ummi da hagu. Hannun ya yi tsalle, ta ƙyalƙyale da dariya ta ce a sake. A allon wani layi ya tashi kamar tudu. Aka koma dama, aka ɗora a saman gwiwar hannu. Likitan ya danna, ya ƙara, ya sake ƙarawa. Hannun yana kwance a kan matashi. Layin allon ya tafi a miƙe. Ni da na shekara goma sha biyar ina gudun abin nan, ga ni ina roƙon Allah a zuci ya sa ya fizge hannun 'yata. Bai fizga ba. Aka sa wata siririyar allura a naman, a nan ta yi kuka, na'urar ma ba ta ce komai ba.

Cikin kwana goma aka yi tiyata ta biyu. Suka tarar jijiyar ta maƙale a cikin sabon ƙashin da ya tofo wajen karayar, ya shaƙe ta. Da an shekara ana gashi ba za ta fito ba. Likitar da ta yi aikin ta ce sun 'yanto ta, yanzu sai ta sake tsirowa zuwa ƙasa, kuma a rana ba ta wuce tsawon ƙwayar gero. Na sa aka tambayar min ita ko jinkirin da na jawo ya rage wani abu. Ta ce ba za ta ce min ya rage ba, ba za ta kuma ce bai rage ba. Wannan maganar har yau tana nan inda ta ajiye min ita.

Muka shiga ƙirga gero. Duk Talata mu hau bas ta Oxford Road zuwa wajen masu koya mata motsa hannun, su ba ta ƙwallo da laka. Yaya Binta tana kira kullum, ta kasa daina ba ni haƙuri, ni kuma in ce ai ba ita ta matse tawul da cokali ba. A wata na uku wuyan hannun ya ɗan ɗaga, kamar mai jin kunya. Yatsun dai shiru.

Wata la'asar, wata biyar bayan tiyatar, ina salla tana gefena da ɗan hijabinta tana kwaikwayo kamar yadda ta saba. Muka zauna tahiya. Ta gefen idona na ga hannunta na dama a kan cinya, manuninta ya rabu da sauran ya tashi. Bai miƙe sosai ba, yana rawa, amma ya tashi. Ban san a raka'a ta nawa nake ba. Sai da na sake sallar.

Yanzu da dama take ci, da dama take rubutu. Babban yatsan ne har yau bai gama buɗewa ba, in za ta ɗauki kofi sai ta tura shi ciki da gefe. Sun ce watakila ya ƙaru, watakila iyakarsa ke nan. Tabon ƙunar yana nan, faɗin murfin kwalba, ya fi sauran fatar haske. 'Yan ajinsu sun tambaye ta, ta ce musu wurin da hannunta ya yi barci ne. Salatif ɗin soket ban cire ba, Abbanta ma ya daina magana a kai, ranar nan na ga shi da kansa ya sake manna wanda ya ɓalle.

Roƙona gare ku 'yan uwana mata ba shi da yawa. In yaro ya karye ko ya bugu, kada ki ɗora masa ruwan zafi sai kin sa ya rufe ido kin shafa wurin kin tabbatar yana ji. Shirunsa ba lallai haƙuri ba ne. In takardar asibiti ta zo da abin da ya tsorata ki, ki kai ta wurin wanda zai karanta miki, ki faɗi tsoron da bakinki, ko da za a yi miki dariya. Wadda kuma ta karanta har nan, ta sa Sagir a addu'a, ta sa babban yatsan Ummi.